Tsinkayen da Aka Tarar a Kaskon Dattijo

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Tokuji Nagumo, kuma shekara goma sha uku ke nan rabon da a sauya wa Dattijo, tsohon itacenmu na kasko, ƙasa. Duk mai renon bonsai, wato itatuwan da ake tsare girmansu a kasko, da ya ji wannan sai ya riƙe baki. Itacen shimpaku irin Dattijo, komai tsufansa, bayan shekara huɗu ko biyar ana ciro shi daga kasko, a rage masa saiwa, a zuba masa sabuwar ƙasa. In ba a yi ba, saiwar ta cika kaskon ta shaƙe kanta, ruwa ya daina shiga. Wannan ko ni da aikina dafa shinkafa na sani.

Ni na sa masa suna Dattijo. Sunansa na gaske, wanda ake rubutawa a allo in an kai shi baje koli, dogo ne, akwai gajimare a ciki akwai tsauni, ban taɓa riƙe shi ba. Surukina, mahaifin mijina, shi ne ya sauko da shi daga duwatsun Itoigawa tun yana saurayi, itacen ɗaure a bayansa, shi kuma ɗaure da igiya. An ce ya haura shekara ɗari huɗu, ban dai san wanda ya ƙirga ba. Tsayinsa iya ƙuguna, ni kuwa ba doguwa ba ce. Rabin jikinsa busasshen itace ne fari fat, wanda mijina ya sassaƙa da hannunsa, yana shafa masa ruwan farar wuta duk shekara, gida ya kwana uku yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Jijiyoyi biyu ne kawai masu rai a jikinsa, jajaye, suna murɗawa daga saiwa har ganye, ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya.

Kowane bonsai yana da gaba yana da baya, kuma mai shi ne ke zaɓa. A lambunmu na Omiya, Dattijo yana da teburinsa shi kaɗai a ƙarshen layi, gabansa na kallon hanyar da baƙi ke shigowa, bayansa na kallon tagar kicin ɗina. Baƙi su zo su rusuna masa, su ja numfashi, su girgiza kai, ni kuma in kai musu shayi. Ta wannan tagar na yi shekara arba'in da ɗaya ina kallon ƙeyar mijina yana aiki. In aka ce in kwatanta fuskarsa sai na ɗan yi tunani, amma ƙeyar nan na san ta kamar yunwar cikina.

Da yana raye, duk kwana goma yakan juya kaskon don rana ta taɓa ko'ina. Ranar da ya faɗi a bakin famfo bai tashi ba, gaban Dattijo na kallon hanya, wato kudu. Da aka gama zaman makoki sai Kasahara, babban yaronsa a sana'a, ya ɗauko fenti ya zagaye ƙafafun kaskon huɗu a kan teburin. Yaro nake cewa, amma shekarunsa yanzu sittin da ɗaya, babu gashi ko ɗaya a kansa. Tun yana ɗan sha takwas ya zo gidanmu, bai yi aure ba, bai koma ba, har yau a ɗakin baya yake kwana, a teburina yake cin abinci.

Ya ce, "Yadda Maigida ya bar shi, haka zai zauna."

Haka kuwa ya zauna. Sauran itatuwa ɗari uku na lambun ana juya su, ana sauya musu ƙasa a kan lokaci, don Kasahara gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma Dattijo sai dai ya zo kullum da safe da butar jan ƙarfe ta mijina, ya rusuna, ya zuba ruwa, ya sake rusunawa, ya tafi. Duk watan Maris sai ya kaifafa almakashi, ya tankaɗe ƙasa, ya tsaya gaban itacen hannu a baya, ya ce bana ganyen bai nuna yana so ba. Shekara ta zagayo ya sake faɗar haka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji shi.

Ni kuwa ta taga ina gani. Ruwan da yake zubawa ba ya shiga. Yana gangarewa ta saman ƙasar, ya bi gefen kasko, ya jiƙa teburi. Teburin nan ya sha ruwa har ya yi gansakuka. Na faɗa masa sau ɗaya, sau biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Inna." A gidanmu in aka ce maka haka, an rufe maganar ke nan.

Akwai doka a gidan nan tun zamanin surukina: mace ba ta taɓa Dattijo. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba, don ina da tukwane a wuta. Na bi dokar har lokacin zafi na uku bayan rasuwar mijina. Ranar nan ta watan Agusta, rana kamar ta fasa kai, Kasahara ya gama cin abinci ya tafi ya yi ɗan barcinsa na rana, ni kuma ina wanke kwanuka ina kallon ganyen Dattijo ya yi laushi. Raina ya ɓaci. Abin da ke hannuna a lokacin tsinken cin abinci ne, ja mai sheƙi, cikin guda goma, biyu-biyu sau biyar, da mahaifiyata ta sa mini a kayan aure. Na fita ta ƙofar kicin na soka shi a ƙasar kaskon ta baya. Ƙasar ta yi tauri kamar daɓe. Na danna da hannu biyu, na murza, ya shiga rabi ya karye. Na tura guntun ciki, na huda wasu ramuka uku da ragowar, na ɗauko ruwan da ya huce a butar shayi na ɗiga a hankali. Ramukan suka shanye. Na ja gansakuka na rufe wurin, na koma wanke-wankena.

Ta baya kawai nake yi, don ta gaba duk mai wucewa a titi yana iya hango ni. Shekara shida ina wannan sata. Tsinke goma ne, tara sun karye a ciki. Na sayo wasu baƙaƙe na kanti na sa a tebur, ba wanda ya ce uffan.

Halin shimpaku shi ne in ya mutu ba ya faɗa. Sai ya yi wata biyu yana nan kore shar, kana ba shi ruwa kana yaba shi, alhali tuni ya tafi. Shi ya sa a bana, ƙarshen Fabrairu, da na ga babban reshen gaba ya fara komawa ruwan toka, na san abin ya daɗe da faruwa. Abin da ban sani ba shi ne wa ya kashe shi. Ni ban san inda saiwa ta bi a cikin kasko ba. Wataƙila tsinkena ne ya tsinke wadda ke ciyar da reshen. Kwana da kwanaki abinci ba ya yi mini daɗi. Itacen da surukina ya sauko da shi da igiya, mijina ya ba shi rayuwarsa duka, a ce ni na gama da shi da kayan aurena. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana cikin haka Umezu ya zo. Shi ne yaron mijina na biyu, ya daɗe da buɗe nasa lambun a Kawaguchi, yana koya wa 'yan fansho lanƙwasa waya ranar Asabar. Duk shekara yakan zo ya kunna wa mijina turare. Mutum ne mai ƙiba da surutu, ba ya shiga gida sai an ji. Ya gaishe ni, ya wuce ya rusuna wa Dattijo, ya ɗago, ya kai hannu ya murza ganyen reshen gaba. Ganyen ya zube a tafinsa kamar garin shayi.

"Yaya," ya kira Kasahara, "zo ka ga ikon hannunka."

Kasahara ya zo ya tsaya. "Sanyin bana ne."

"Sanyi? A Itoigawa aka haife shi, cikin ƙanƙara ya girma, yau sanyin Omiya zai kayar da shi? Yaya, yaushe rabon ka ciro shi?"

"Maigida ne ya yi na ƙarshe."

Umezu ya ƙirga da yatsu, yatsun suka ƙare, ya ci gaba da baki. "Sha uku! Tabɗi! Kai ko takalmi ne ka sa shekara sha uku ai ya ci ƙafarka. Me kake jira? Ya fito da kansa ya wanke kaskon?"

"Ba kowane hannu ne ke taɓa shi ba."

"To ai ga shi nan ba a taɓa shi ba. Ya yi kyau. In ya ƙarasa bushewa sai mu shafa masa farar wuta gaba ɗaya, mu huta da ban ruwa."

Kasahara ya juya ya nufi cikin gida. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin da hoton mijina yake, ya kunna turare, ya durƙusa. Ya ce sai ya nemi izini. Awa guda yana nan. Miyata ta yi sanyi na sake ɗumamawa, Umezu ya cinye rabin kifin da na gasa wa mutum uku. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na leƙa ta ƙofa.

Na ce, "Ya ce ka yi."

Kasahara ya waiwayo. "Inna, kin ji shi?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina fassara shirun mutumin nan. Wannan shirun na 'yi' ne. Taso ka ci abinci."

Ya duba kalanda ya zaɓi ranar sa'a, ashirin da shida ga Maris. Ni da bakina na jawo ranar, kuma na san abin da ke cikin kaskon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi tunanin in faɗa musu tun da wuri, na buɗe baki sau uku a kan tebur, duk sau ukun abin da ya fito shi ne ko a ƙara shinkafa.

Ranar ta zo da sanyi, babu iska. Su biyu suka ɗauki Dattijo zuwa rumfar aiki, suka ɗora shi kan faifan katako mai juyawa. Kasahara ya sa sabuwar rigar aiki. An tankaɗe jar ƙasa da tsakuwar dutse, an jera almakashi da ƙugiya da ƙaramin lauje a kan farin ƙyalle. Ni aikina shayi, don haka na kawo shayi na tsaya da faranti a bakin rumfa, na ƙi tafiya.

Suka yanke wayoyin da suka ɗaure shi ta ƙarƙashin kasko. Kasahara ya zura lauje tsakanin ƙasa da bangon kaskon, lauje ya ƙi shiga. Awa biyu suna yanka kaɗan-kaɗan, Umezu yana zufa yana mita, yana cewa a fasa kaskon kawai, Kasahara yana cewa kaskon ya girmi kakan Umezu kuma ya fi shi amfani. Daga ƙarshe itacen ya fito da ƙasarsa a dunƙule, mai kusurwa huɗu, kamar bulo.

Ta gaba suka fara. Kasahara ya sa ƙugiya ya ja, sai wari ya tashi. Saiwar baƙa ce, ta ruɓe, tana zubewa a hannu. Shekara tara bangon kaskon na kudu yana shan rana, ba juyi, ba ruwa a ciki. Ya tona ya ƙara tonawa, yana neman ko guda ɗaya mai rai a ƙarƙashin jijiyar gaba, bai samu ba. Hawaye ya gangaro masa ya tsaya a haɓa, bai share ba.

"Juya shi," in ji Kasahara.

Umezu ya juya faifan. Bayan Dattijo ya fuskance su. Na riƙe faranti da kyau.

Ƙugiya ta shiga ta baya ba gardama. Ƙasar wurin da ɗan laushi. Sai ga saiwa ƙanana, sirara, masu fararen baki, cunkus, sun sauka a jere kamar an kitsa su. Umezu ya sa yatsa ya bi ɗaya daga cikin jerin, ya taɓa wani abu mai tauri, ya zaro shi. Guntun tsinke ne, tsawon ɗan yatsa, ja, har yanzu da sauran sheƙinsa. Ya ɗaga shi sama. Ya zaro na biyu. Ya zaro na uku. Kowanne saiwa ta nannaɗe shi, ta bi ramin da ya buɗe ta sauka. Suka jera su a kan farin ƙyalle, guda tara.

Daɗi ya kama ni. Ba ni na kashe shi ba. Na buɗe baki in yi magana.

Kasahara bai dube ni ba. Ya kalli guntayen ya ce, "Dabarar Maigida ce."

Umezu ya zaro ido. "Wace dabara?"

"Ta sirri. Ba ya faɗa."

"Kai!" Umezu ya dafe kai da hannu biyu. "Kai! Tsohon nan! Wato tun shekara sha uku da suka wuce ya san za mu tsaya muna kallon juna, ya bar wa ruwa hanya. Yaya, ka ga yadda ya karkata su? Duk sun kwanta gefe guda."

Sun kwanta gefe guda ne don daga ƙofar kicin nake miƙo hannu, kuma kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai.

Ya ɗauko ma'auni ya auna tsawon kowanne. Ya ɗauki hoto. Ya shinshina. Ya ce lallai akwai hikima a jan fentin, shi ne ya hana su ruɓewa. Ya tambayi Kasahara me ya sa aka karya su maimakon a yanke, Kasahara ya ce karyayyen baki ya fi riƙe ruwa. Umezu ya rubuta wannan a littafi, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ya fuskanci ɗakin da hoton yake, ya rusuna har ƙasa.

Daɗin da na ji ya koma haushi. Mutum ya mutu shekara tara, bai taɓa wanke tsinke ɗaya a gidan nan ba, amma yau har tsinkayen aurena sun zama hikimarsa. Na ajiye faranti da ƙarfi. Na ce, "Umezu."

"Inna," in ji Kasahara, har yanzu idonsa na kan saiwa, "shayin nan ya huce."

Na ɗauki shayi na koma kicin. Na ɗumama shi har ya tafasa, don ya ƙona musu baki.

Da na dawo na tarar da su cikin gardama. Jijiyar gaba ta mutu, reshenta ya tafi, duk ganyen da ya rage na jijiyar baya ne. Umezu ya ce ba makawa sai baya ya zama gaba. Kasahara ya yarda da baki, amma ya kasa. Ya juya faifan hagu, ya juya dama, ya tsuguna, ya miƙe. Shekara arba'in da uku yana rusuna wa fuska ɗaya, bai san ɗaya ɓangaren ba. Saiwa kuwa tana waje tana shan iska, Umezu yana fesa mata ruwa yana cewa a yi sauri.

Na ce, "Ba nan ba ne."

Suka juyo su biyu.

"Ku ƙara juya shi dama. Kaɗan. Akwai wurin da jar jijiyar take fitowa daga bayan farin itacen, ta yi kamar za ta faɗi, sannan ta tashi. Da safe in rana ta bugo, nan ne."

Umezu ya yi dariya. "Inna, yaushe kika shiga sana'a?"

"Lokacin da kake cinye mini kifi. Juya."

Kasahara ya juya a hankali, yana kallona. Na ja baya har na yi nisan tagata da teburin, na ɗan rage tsawo don kicin ɗina ya fi lambu ƙasa da taki ɗaya. Na ce tsaya. Na ce su ɗaga gefen hagu, don ta taga a karkace nake ganinsa, kuma a karkacen ya fi kyau. Kasahara ya cusa katako a ƙarƙashi. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya rage tsawo kamar yadda na yi. Ya daɗe yana kallo. Umezu ma ya zo ya leƙa ta kafaɗarsa.

"Nan ne," in ji Kasahara.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Suka yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, suka bar ta baya da ƙasarta ba su dame ta sosai ba. Aka wanke kasko, aka sa raga a ramukansa, aka zura sabuwar waya, aka zuba tsakuwa. Suka zaunar da shi a sabon gabansa, suka ɗaure, suka riƙa zuba ƙasa suna cusa ta tsakanin saiwa da tsinken gora har ba sauran rami. Kasahara ya yi ta zuba ruwa har wanda ke fita ta ƙasa ya daina ja ya koma garai. Aka kai shi inuwa bayan rumfa, inda iska ba ta kaiwa. Umezu ya roƙi guntu ɗaya cikin taran, ya naɗe shi a hankici, ya tafi yana share ido.

Daga nan sai jira. Ba taki, ba taɓawa, sai fesa wa ganye ruwa safe da yamma. Ganyen yana nan kore, amma na riga na faɗa muku halin shimpaku. Afrilu ya shigo ya fita. Ni da Kasahara muna cin abinci ba ma maganar. Labari ya zo daga Kawaguchi cewa ɗaliban Umezu su arba'in sun sayi jajayen tsinkaye suna karyawa a gwiwa suna sokawa a kasko, har wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ji ciwo a yatsa. Ban yi dariya ba. Kullum in na je zubar da shara sai na bi ta bayan rumfa, in dubi bakin ganye, in dawo.

Ran tara ga Mayu da safe, Kasahara ya shigo karin kumallo a makare. Ya zauna, ya sha miya, ya ci shinkafa, ya ajiye kwano. Ya ce, "Ya tofo."

Na ce, "To."

"Ko'ina. Bakin ganyen duk ya yi sabon kore."

Na ce, "To," na tashi na juya masa baya na buɗe famfo, don ban ga dalilin da yaron gida zai ga ina kuka ba.

Da na juyo na ga wani dogon ƙunshi a wurin zamana. Na kwance. Tsinkaye ne jajaye masu sheƙi, guda goma cif. Ba su kai na mahaifiyata kyau ba, amma an yi ƙoƙari.

"Na ga naki sun ragu," in ji shi.

Na zauna. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun na farko. Tagar ɗakina ma tana kallon wurin."

"Barcin ranar fa?"

"Da rabin awa nake yi. Na mayar da shi awa guda, don na ga kafaɗarki na ba ki wahala."

Na dube shi, mutum mai sanƙo, shekara sittin da ɗaya, yana kallon kwanonsa kamar ranar da ya fara zuwa gidan nan. "Shekara shida kana kwance kana kallona ina sata a gidana? Me ya hana ka magana?"

"In na ce na gani, dole in hana ki. Dokar gida ce, Inna." Ya ture kwanonsa gefe. "Ni kuma duk Maris in na ɗauki lauje sai in ga kamar Maigida yana tsaye a bayana. Hannuna ya ƙi. Na san itacen yana mutuwa. Ke kaɗai ce ba kya tsoronsa."

"Wa ya ce maka? To Umezu fa? Ka bar shi yana yi wa hoto sujada a kan tsinkayena."

"In na ce ke ce, an karya doka a gaban baƙo. In na ce Maigida ne, ba a karya komai ba." Ya ɗago. "In kina so, yau in kira shi in faɗa masa."

Na yi tunanin mutum arba'in da karyayyun tsinkaye a kaskonsu. Na ce, "Bar shi. Ruwa dai yana shiga."

Ya tashi ya fita, ya dawo da butar jan ƙarfe ta mijina, cike da ruwa. Ya ajiye ta a bakin ƙofar kicin, ya ja baya, ya rusuna. Ba butar ya rusuna wa ba.

A ranar muka mayar da Dattijo teburinsa, ni da shi, ni ina riƙe da gefe ɗaya, hannuna a kan kaskon da rana tsaka, duk mai wucewa a titi yana gani. Kasahara ya riga ya kankare fentin ƙafafun. Muka sa sabon gaban yana kallon hanya, don baƙi. Na ɗaga buta na zuba, ban rusuna ba, bayana ba ya son haka. Ruwan ya shige ƙasa nan take, yana ɗan ƙara, teburi bai samu ko ɗigo ba.

Sai da na koma kicin na ɗaga kai na gane abin da muka yi. Ɓangaren da na yi shekara tara ina kallo ya koma na baƙi. Abin da ke fuskantar tagata yanzu tsohon gaban ne, farin itacen da mijina ya sassaƙa, kowane layi da bakin wuƙarsa, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana kallo ni ina kallon ƙeyarsa. Ban taɓa tsayawa na dube shi sosai ba, kullum da faranti a hannuna nake wucewa. Ashe abin da yake gani ke nan. Ya bushe, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, amma yana da kyau ƙwarai, kuma ni yake kallo. Kewar mutumin nan ta kama ni, irin wadda ko ranar da aka fita da shi ban ji ba.

Bayan kwana goma za a juya shi, haka ƙa'ida take, kuma ni ce zan juya. Na jingina da bakin taga.

Na ce, "Sai yau ka ga damar juyowa."

Sannan na wanke sababbin tsinkayen, na ɗora shinkafar rana.